Ƙofar Bayan Gidan Hedimasta

A Zumuntar Mata ana cewa Jacinta, matar Hedimasta Bartholomew, ba ta da hayaniya, amma in ta kafa ƙafa a wuri sai dai a zagaye ta. Matar fasto ta ce ba ta taɓa jin ta ɗaga murya ba, ba ta kuma taɓa ganin ta janye magana ba. Masu tumatir a kasuwar Kafanchan sun ce in ta faɗi abin da za ta faɗa, sai ta tsaya tana kallon mutum har ya gaji ya sunkuyar da kai. Surukarta, Kaka Asibi, ita kaɗai ke faɗin wannan hali da daɗi a bakinta.

"Yarinyan nan kunnen ƙashi ne da shi," in ji tsohuwar, da irin Hausarta. "Shi ya sa na ce Bato ya aure shi."

Gidan nasu yana bakin gari, ta hanyar da ta nufi Fadan Kagoma, ɗaki uku da falo, rufin kwano. Bayansa 'yar gonar citta ce, bayan gonar kuma gidan Malam Babayo, Bafulatanin da ya zauna ya kama noma tun kafin a gina makarantar da Hedimasta ke shugabanta. A da akwai ƙofa a bayan gidan. Ta nan Nene, matar Babayo, ke shigowa da nono da man shanu, su zauna da Kaka Asibi su yi ta hira da Hausar da ba harshen gidan kowacce ba ce a cikinsu.

Bayan rikicin watan Maris na 1987, da ƙaninsa Luke ya dawo daga Zariya da rigar jikinsa kaɗai, Hedimasta ya kira birkila ya toshe ƙofar nan da bulo. Mai walda ya gindaya ƙarfe a kowace taga, ƙofar gaba ta koma ta ƙarfe. Ba shi kaɗai ya yi haka ba. A shekarar masu walda ba su huta ba. Bai yi faɗa da Babayo ba. Gaisuwarsu ce kawai ta gajarce, har ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Idon Kaka Asibi ya riga ya tafi, gwiwa kuma ta hana ta zuwa coci. Ga ta da hali, duk wanda ya yi sallama sai ta lalubi sakata ta buɗe masa. Don haka duk ranar Lahadi Hedimasta yakan rufe gidan daga waje da kwaɗo, tsohuwar tana ciki, su tafi sujada awa uku, wani lokaci huɗu. 'Yarsu Selina tana makarantar kwana. Shekara biyar ana haka, Jacinta ba ta ga laifin abin ba.

Sai a Ista ta 1992 yayanta Gershon ya zo hutu. Ɗan kwana-kwana ne, yana aiki da hukumar kashe gobara ta tarayya a Legas. Ko ruwa bai sha ba ya fara zagaya gidan, yana girgiza ƙarafunan taga ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a inda aka toshe ƙofar, ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa.

"Suruki, gida ne wannan ko gidan yari?"

Hedimasta ya yi dariya. "Ɓarawo ma in ya zo, sai ya yi addu'a ya koma."

"In wuta ta tashi a falon nan, ta ina za ku fita?"

"Ta ƙofa mana."

"Ƙofar a falon take."

Dariyar Hedimasta ta ragu. Jacinta tana tankaɗe garin acca a bakin kicin, ta dakata.

"Shekara goma sha tara ina aikin nan," in ji Gershon. "Ka san inda muka fi samun mutane in mun shiga? Jikin taga, hannunsu riƙe da ƙarfe. Tun kafin wuta ta taɓa su hayaƙi ya gama da su. Mu kanmu kafin mu yanke ƙarfe ɗaya, minti nawa ya tafi? Kowane gida hanyar fita biyu yake so. Kowa ya san tasa, ya kuma san inda za a haɗu a waje. Wanda ya fita kuma kada ya koma, ko akwatin aurensa ne a ciki."

"Lokacin da aka yi abin da aka yi, kana Legas," in ji Hedimasta. "Ba ka ga Luke ranar da ya shigo gidan nan ba."

"Ban gani ba. Amma na ga abin da nake gaya maka."

"Na gode, Oga kwana-kwana. Gidana ne."

Ranar da Gershon zai koma, Jacinta ta raka shi tashar jirgi. Ta sa ya sake gaya mata komai daga farko, ba ta katse shi ba. Da ta faɗa masa yadda ake kulle Kaka ranar Lahadi, sai ya ajiye jakarsa a ƙasa ya dube ta. Kallon nan ya bi ta har gida.

Ta yi wa mijinta magana sau ɗaya, ta sake yi, ta yi ta uku. A ta ukun ya ce, "Maman Selina, na rufe maganar nan."

Mako biyu bayan haka aka tura shi Gwantu duba jarrabawa na kwana uku. Jacinta ta je wurin birkilan da ya toshe ƙofar. Ya ce shi ba ya fasa bangon mutum maigida ba ya nan. Ta ce to, ya ara mata guduma. Ya ɗauka wasa ne, har sai da ya ga ta saɓa ta a kafaɗa ta fita.

Bugu na farko hannunta ya yi zafi har kafaɗa. Kaka Asibi ta yi ihu daga ɗaki, tana tambaya ko yaƙi ne ya dawo. Da rana ta take, bulo na farko ya faɗa waje, haske ya shigo, Jacinta ta leƙa ta ga Nene tsaye a tsakiyar gonar citta, hannu a ƙugu.

"Maman Selina, lafiya? Maigida ya sani?"

"Zai sani."

Nene ta juya gida, ta dawo da taɓarya. Su biyu suka ƙarasa, ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje. Tsohon ƙyauren katako yana nan, a kansa ake shanya citta duk shekarun nan. Suka kakkaɓe shi, suka mayar da shi mazauninsa da ƙusoshi.

Saura yadda makauniya za ta kai ƙofar cikin hayaƙi. Gershon ya ce iska mai kyau a ƙasa take, da rarrafe ake fita. Nene ta kawo doguwar igiyar ɗaure maruƙa. Jacinta ta ɗaura ta a ƙafar gadon Kaka, ta bi da ita jikin bango daidai tsayin gwiwa, tana kafa ƙusa tana lanƙwasawa, har bakin ƙofar baya. Sannan ta ɗauki murfin tukunya da ludayi ta buga.

"Mama, gobara! Kama igiya!"

"Kai, Jacinta! Na haifi hedimasta, yanzu kuma in koma rarrafe?"

"Rarrafa, Mama."

"Da igiyan ɗan maraƙi kuma! Nene, kin gani ko? Sun mai da ni saniyanki."

"Saniyana ya fi ki sauri," in ji Nene.

Tsohuwar tana zagi tana dariya ta kai ƙofar. Suka sake, suka kuma sakewa. Aka yanke cewa in an fita, gindin mangwaron da ke bakin gonar za a zauna.

Da Hedimasta ya dawo ya ga ƙofar, ya daɗe a tsaye, jakarsa a hannu. Ya ce gobe birkila zai zo. Jacinta ta ce ya zo, gudumarsa ma tana nan ba ta mayar ba. Ya ce Mama za ta buɗe wa kowane ɗan iska. Ta ce to a sa kwaɗo ta waje ranar Lahadi kamar na gaba, ta ma riga ta saya.

"Makullinsa biyu ne," in ji ta. "Ɗaya ga shi. Ɗayan yana wurin Nene."

"Wurin wa?"

"Ita ce ke gida ranar Lahadi. Duk maƙwabtanmu suna coci."

"Kin ba Fulani makullin gidana?"

"Na ba Nene makullin ƙofar da Mama za ta fita."

Ya kai ta gaban dattawan ikilisiya. Suka zaunar da ita a ofishin fasto, suka karanta mata abin da Littafi ya ce game da biyayyar mace ga mijinta. Ta saurara har suka gama, hannunta a kan cinya.

"Babanni, na ji. Ku gaya mini wanda zai bar sujada kowace Lahadi ya zauna a ƙofar gidana. In akwai, yanzu zan je in karɓo makullin in ba shi."

Wani ya gyara tabarau, wani ya yi tari. Wani dattijo ya ce ai Ubangiji ne mai tsaro.

"Shi ne mai tsaro lokacin da muka sa ƙarfe a taga ma," in ji Jacinta.

Fasto ya ce a rufe da addu'a.

Ana cikin haka, a tsakiyar watan Mayu, rikicin Zangon Kataf ya ɓarke, labari ya yi ta shigowa gari, kowane ya fi na baya muni. Kasuwa ta rage cika. Nene ta daina zuwa talla, Babayo ya daina kai shanu nesa. Hedimasta kuwa ya daina maganar ƙofa gaba ɗaya, Jacinta ta ɗauka ya haƙura ne. Wata Asabar ta ji shi yana taɓe-taɓe a bayan gida, ya ce ƙyauren ne yake gyarawa kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Washegari Lahadi ya tashi yana gugar farar rigarsa a falo, a kan bargo, don ba ya yarda kowa ya goge masa kayan coci. Yana tsakiyar yi aka ɗauke wutar lantarki. Ya yi tsaki, ya sa rigar haka nan, ya rufe rabin da bai gogu ba da kwat. Shi ya kulle ƙofar baya, shi ya kulle ta gaba, suka tafi.

Ana cikin wa'azi fankokin coci suka fara juyawa, mata suka yi ajiyar zuciya suka ajiye mahucinsu. Ba a kai ga karɓar baiko ba wata mata ta shigo da gudu tana cewa hayaƙi a unguwar Hedimasta. A irin kwanakin nan kalmar hayaƙi ta isa. Coci ya hargitse, wasu na neman 'ya'yansu, samari na tsinto duwatsu da itace. Jacinta ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta kama gudu.

Ta tarar da ƙofar gaba a kulle da kwaɗonta, baƙin hayaƙi yana fitowa ta tsakanin ƙarafunan tagar falo, labule yana ci. Ba ta tsaya ba, ta zagaya baya.

Ƙyauren katako yana rataye da ƙusa ɗaya, a farfashe. Kaka Asibi tana zaune a gindin mangwaro, fuskarta baƙi ƙirin da toka, tana tari kamar ƙirjinta zai fita, Nene tana riƙe da ita tana ba ta ruwa a ƙwarya. Jacinta ta durƙusa a gabansu.

"Igiyan nan," in ji tsohuwar, tsakanin tari da tari. "Na bi shi, na kai ƙofa. Ƙofa ya ƙi. Na kwanta a ƙasa ina kiran Nene."

Nene ta kwance bakin zanenta, ta jefar da makulli a gaban Jacinta. Hannunta yana jini.

"Makullinki bai buɗe ba. Na juya, na juya, na juya. Tsohuwa yana kira na a ciki."

Jacinta ta waiga ta dubi ƙyauren. Kwaɗon yana nan maƙale a jikin katakon da ya tsage, sabo fil, ruwan zinariya. Nata baƙi ne. Ta daɗe tana kallonsa.

Hayaniya ce ta dawo da ita. Samari sun iso, sun tarar da Babayo tsaye a bakin gona da gatari a hannu, ga gida yana ci da wuta. Suka kewaye shi. Ɗaya ya ce ai dama an faɗa, ɗaya ya ce wa ya ba su makulli. Babayo bai gudu ba, bai kuma ajiye gatarin ba. Fuskarsa kawai ta yi fari.

Jacinta ta miƙe ta ratsa su, ta tsaya a gabansa, ta juya tana fuskantarsu, takalminta har yanzu a hannu.

"Mama, ki matsa," in ji wani dogo mai riƙe da itace.

"Celestine, ni na riƙe ka ranar da aka yi maka baftisma. Fara da ni."

"Gatari ne fa a hannunsa!"

"Da haƙori kake so ya fasa ƙofa?"

Ba su matsa baya ba, ba su kuma matso ba. Ana tsaye a haka aka ji jiniya. Wani mai babur ya riga ya kai labari ofishin kwana-kwana. Jar motar ta shigo tana tsalle a kan kunyoyin gona. Shugabansu, wani gajere mai suna Salihu, ya diro yana tambaya, "Akwai mutum a ciki?" Da aka ce babu, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku ba mu wuri, duk wanda ba ruwa ya kawo ba ya ja baya!" Biyu suka kama yankan ƙarfen tagar falo, biyu suka ja mesa ta ƙofar baya, suna sunkuye. Hedimasta ya iso yana haki, makullai a hannunsa. Ƙofar ƙarfen ta yi zafin da ba mai iya taɓa kwaɗonta. Da ya hangi uwarsa a gindin mangwaro sai ya zauna a ƙasa, da kwat ɗinsa da komai.

Falo ya tafi, da kujeru da rediyo da hotunan bango. Ɗakunan uku sun tsira. Da hayaƙi ya lafa, Salihu ya fito ta baya, ruwa yana ɗiga daga hularsa.

"Wa ya ɗaura igiyar nan a bango?"

"Ni ce," in ji Jacinta.

Ya dube ta, ya gyaɗa kai. "Da ƙofar nan ta ƙarfe ce, Madam, da wani zance muke yi yanzu." Sannan ya ɗaga shebur ɗin da ke hannunsa. A kai akwai dutsen guga, ya ƙone ƙurmus, wayarsa ta narke tana lilo. "Daga nan ta tashi. Yana jone a bango, a kan bargo. Wa ya yi guga da safe?"

Celestine ya ce wa ya sani ko jefa shi aka yi ta taga. Salihu ya ce shi dai a aikinsa bai taɓa ganin dutsen gugan da ya ratsa ƙarfe ya jona kansa ba. Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba, ba su kuma ajiye duwatsunsu ba.

Jacinta ta san amsar tambayar. Ta san amsar wadda ba a yi ba ma. Kalma biyu daga bakinta sun isa. Amma ta rufe bakinta, ta tafi wurin ƙyauren, ta ɓamɓaro guntun katakon da sabon kwaɗon ke maƙale a jiki, ta kawo ta ajiye a gaban mijinta, kusa da makullin da Nene ta jefar. Ta tsaya tana kallonsa, irin kallon da masu tumatir suka sani.

Hedimasta ya dubi kwaɗon, ya dubi hannun Nene da ke naɗe da tsumma. Ya miƙe a hankali. Ya cire kwat ɗinsa, rigar ta bayyana, rabi a goge, rabi a yamutse.

"Ni na yi guga," in ji shi. Muryar ba ta fita ba, ya gyara ta, ya sake da muryar da yake tara ɗalibai da ita. "Ni na yi guga, aka ɗauke wuta, na manta ban cire ba. Kwaɗon nan ma ni na canza shi jiya, ban gaya wa kowa ba. Ku zubar da duwatsun nan."

Aka ji su suna faɗuwa ɗaya-ɗaya a cikin gona.

"Bato," in ji Kaka Asibi, "kai ne ka kulle ni?"

Bai iya duban ta ba tukuna. Ya taka har gaban Babayo, wanda sai yanzu ya sauke gatarin. Shekara biyar rabon da su tsaya kusa da juna haka. Hedimasta ya rusuna, gwiwarsa ɗaya ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, a gaban dattawa da samari da 'yan kwana-kwana.

"Malam Babayo. Nene. Na rufe muku ƙofa sau biyu, kun fasa kun ciro mini uwata." Ya juyo wajen mangwaron, inda Jacinta ta koma ta tsaya kusa da tsohuwar. "Mama. Maman Selina. Laifina ne, ba na kowa ba. Ku yi haƙuri, ku gafarta mini."